Zaren Buhu a Injin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gyara babur ɗin surukina ba, kodayake ni kaɗai nake kiran abin gyara.

Wata biyu da aurenmu na kai Hadiza gidansu a Kafur. Ni malamin makaranta ne, hannuna bai san komai ba sai alli, amma na riga na cika wa amarya baki cewa babu injin da yake gagarata. (Fanka ɗaya na taɓa kwancewa a duniya, ita ma ba ta sake juyawa ba.) Baiwar Allah kuwa ta kai labari gida.

Muna gama gaisawa Baba, mahaifinta, ya ce kusar da ke riƙe da injin babur ɗinsa ta yi sako-sako. "Malam, an ce kana taɓawa."

Kaina a sunkuye na ce, "Kaɗan-kaɗan, Baba."

Na sa sifana na ɗaure, ta kuma ɗauru. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni da na ga ana kallona, sai na zura wa sifanar bututun ƙarfe na danna iya ƙarfina. Nan take kusa ta yi laushi, tana juyawa kamar cokali a koko. Haƙoran ramin sun cinye tas.

Na saci kallon Baba, yana kan tabarma yana jan carbi. Da wane baki zan ce wa surukina na kashe masa babur? Na warware zaren buhun masara, na naɗe kusar, na cusa, na shafe da baƙin mai.

"An gama, Baba."

"Madalla. To kai ni Malumfashi."

Muna faɗawa ramin hanya na farko a bakin gari injin ya karkace, sarƙa ta fita, muka tsaya cak gaban majalisar dattawa. Baba ya sauka, ya tsuguna, ya zaro kusar da yatsu biyu, ya shiga warware zarena a hankali. Zaren nan ya ƙi ƙarewa.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, wane telan ne ya ɗinka maka inji?"

Baba ya ce, "Wani baƙo ne."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ya ciro kusa mai kauri da ɗan ƙarfen yanka haƙora daga aljihu, ya yanka wa ramin sababbi, ya ɗaure. Ashe rabin rayuwarsa a gyaran injinan gurzar auduga na Funtua ya yi ta. Tun daga tabarma ya gane haƙoran sun tafi. Kunyar surukuta da ta rufe min baki ita ta rufe nasa.

Da za mu tafi ya miƙo min zaren a nannaɗe. "Malam, ka manta kayan aikinka."

Yana nan cikin akwatina. Yanzu duk wanda ya ce min "kana taɓawa?" sai in ce, "Alli kawai."