Tagar da Inna Ta Roƙa

"...da mutanen gidan naku? To madalla. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai in wani ya ce miki na mutu, shi ya sa kika taho a guje ki kwashi gado."

"Gadon me, Kaka? Sanda da tsohuwar rediyo? Ko gaisuwar ba ka bari na ƙarasa ba. Ina wuni?"

"Na wuni. Ke ce ba za ki wuni lafiya ba in kika taɓa min rufi."

Bayan azahar ne, rana ta take. Tsohon yana zaune a tsakiyar ɗakin da ke manne da bayan gidansa, gumi ya jiƙa masa singileti sharkaf. Bango uku na ɗakin da rufinsa duk gilashi ne, babu taga ko ɗaya da ake buɗewa. Shi ya gina shi shekara talatin da suka wuce, bayan ya bar aikin jirgin ruwa. Watan jiya likita ya hana shi hawa bene saboda gwiwa, kuma a ƙasa ban da falo da kicin babu inda za a sa masa gado sai nan. 'Ya'yansa suka ce ko a gyara ɗakin ya zaunu, ko ya koma gidan babban ɗansa. Jikarsa, wadda injiniyar gini ce, ta karɓi aikin. Da safe ta turo kafinta da mai walda su fara, tsohon ya kore su. Shi ne ta zo da kanta.

"Wai me mutanena suka yi maka ka bi su da sanda?"

"Ban bi su ba. Nuna musu ƙofa na yi, sandar ce ta fi ni sauri."

"Mai walda ya ce har rantsuwa ka yi za ka jefa shi a teku."

"Ya gode wa Allah tekun ta yi nisa. A zamanina, Amarya, in na daka tsawa, jirgi sukutum sai ya tsaya cak."

"Kai da kuku ne a jirgin? Tukunya dai ke tsayawa."

"Kukun da ya ciyar da kyaftin shekara goma sha tara! In ban dafa ba wa zai tuƙa? Ke da kike taƙama da digiri, ko ruwan zafi kin iya dafawa?"

"Me zai sa in koya? In na so ruwan zafi sai in ajiye kofi a ɗakin nan in ƙirga goma."

"Sharri dai!"

"Sharri? Ina kyandir ɗin da na bari a kan teburin can? Kwanciya ya yi kamar maciji. Kyanwarka ma ta yi hijira zuwa maƙwabta. Rannan da idona na ga ƙadangare ya leƙo, ya gyaɗa kai sau biyu, ya juya abinsa."

"Gaishe ni ya yi. Ya fi ki ladabi."

"Ta'aziyya ya yi maka."

"Zafin nan magani ne, yarinya. Shi ke fitar da sanyin ƙashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"To babban ya hango damina? Bokiti bakwai na ƙirga a nan bara, har da tukunyar miya. Lokacin sanyi kuma da asuba ɗakin ya koma firji. Wata nawa ne a shekara mutum zai zauna a nan bai yi kuka ba?"

"Akwai wani sati mai daɗi."

"Wane sati?"

"Yakan zo. Bana dai bai zo ba."

Ta ja kujera za ta zauna, ƙarfen ya ƙone ta, ta yi zumbur ta miƙe. Tsohon ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa.

"Kin gani? Ko kujerata ta san maƙiyina."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya sayar maka da wannan dabara. A ina ma ka samo ta?"

"A wata ƙasa da jirginmu ya tsaya. Na ga tsofaffi zaune a irin ɗakin nan, suna shan shayi, furanni kewaye da su, rana na shigo musu a hankali. Na ce wallahi sai na yi wa matata irinsa."

"Su rana suke nema, mu kuwa ita ke nemanmu. Ka ɗauko bargo ka kawo wa mai zazzaɓi."

Ta zaro takarda daga jaka ta shimfiɗa masa a cinya.

"Duba nan, angon ƙarni. Rufin gilashin zai sauka. Za mu ɗaga bango kaɗan mu sa kwano, a ƙarƙashinsa soso mai hana zafi, sannan silin. Taga biyu a nan, biyu a can, suna kallon juna, iska ta shiga ta fita. Kowacce da raga saboda sauro. Sai fanka a sama. Ko an ɗauke wuta za ka yi barci."

"Wato ki mayar min da shi shagon tela."

"Shagon tela mutane ke shiga. Naka ko ɓarawo ba ya shiga."

"Amaryar kirki in ta shigo gida shara take yi. Ke kin zo da guduma."

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sauran gefen yamma, shi ne babban mugu, daga nan ranar la'asar ke dukan ɗakin. Rumfa zan yi masa. Da ma a ce akwai itace a wurin, da rabin aikin ya ƙare."

Tsohon ya juya yana kallon waje ta gilashin, inda wani baƙin kututture yake a gindin katanga.

"Akwai," ya ce. "Mangwaro. Innarku ce ta dasa shi shekarar da aka haifi ubanki."

Inna ita ce matarsa, kakar yarinyar. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta.

"Ina ya tafi?"

"Ni na sare shi. Ganye yake zubo min a kan gilashi, tsuntsaye suna ɓata min rufi. Ta je kasuwa, kafin ta dawo na sa an kwantar da shi. Ta tsaya a bakin ƙofar can da kwando a hannu, ba ta ce uffan ba. Kwana tara ba ta yi min magana ba, sai dai ta ajiye abinci ta wuce."

"Kwana tara kacal? Ni ce da har yau kana magana da bango."

"Shi ya sa na aure ta na bar ki."

Ya goge fuska da gefen singileti. Muryarsa ta sauka.

"Kin san me ta roƙe ni? Taga. Guda ɗaya tak, a wajen da take ajiye keken ɗinkinta. Kullum da safe sai ta shigo nan ta yi ɗinki, don kawai in ga tana amfani da abin da na gina mata. Ƙarfe goma na yi sai ta ja keken zuwa lungun matattakala, can cikin duhu, ta ci gaba. In ta ce taga, in ce bayan damina. Damina ta wuce, in ce bari zafi ya zo mu gani. Ni a ganina taga za ta ɓata fasalin ɗakin, ba zai yi kama da wanda na gani ba. Shekara ashirin da shida muna haka."

Jikar ta naɗe takardar a hankali.

"To me ya haɗa wannan da kafinta?"

"Da suka zo da safe na tambaye shi, na ce kai, fasa taga a nan kwana nawa zai ci? Ya dube ni ya ce, 'Baba, ai aikin rabin wuni ne.' Rabin wuni, Amarya. Ban san lokacin da na ɗaga sandar ba."

Zafi ya sa ƙarfen da ke riƙe da gilashin rufi yana ƙara ƙas-ƙas.

"Yanzu ki zo ki sa taga huɗu, da fanka, da rumfa," ya ce, "in kwanta ina shan iska ni kaɗai? Da wane ido? Da-na-sani ƙeya ce, ni kuwa tawa ta yi nauyi har wuyana ya gaji."

Ta ɗauki gorar ruwan da ta zo da ita ta miƙa masa. Ya sha. Ta jira har ya sauke.

"Wato gasa kanka za ka yi ka biya ta."

"Ko da hakan ne."

"Inna ba ta cin ƙonanne, Kaka. Ballantana tsohon nama irinka, wanda ko kura ta samu sai ta nemi a sake mata wani."

Ya harare ta, amma gefen bakinsa ya motsa.

"Marar kunya."

"Gado na yi. Kuma bari ka ji, lungun matattakalar nan ni ma na zauna a cikinsa, ni ke zura mata zare a allura. Na taɓa ce mata, Inna, me ya sa ba za ki kira kafinta da kanki ba in ya fita? Ta ce a'a, ai abinsa ne, ya sha wahala ya gina. Ta ce, 'Kakanku ba mugu ba ne, kunnensa ne ke isowa a makare. Wata rana zai ji.'"

"Haka ta ce?"

"Har da ƙari, amma sauran ba na faɗa a gaban yara."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya sa bayan hannu ya share ido, ya ce gumi ne.

"Ya iso kam," ya ce. "Ya iso an tashi daga kasuwa."

"To zaɓi ya rage naka. In ka ƙi, Baba zai zo ya naɗe ka kamar tabarma ya kai ka gidansa, a sa 'yan haya a nan. Su kuwa ranar farko za su fasa taga, wani ƙato ya baje a wajen keken Inna yana yankan farce yana shan iskarta. Gara kai, ko ba komai ka san sunan mai iskar."

"Ƙato? A wajen kekenta?"

"Da gajeren wando."

"Allah ya kiyaye!" Ya dafa sanda ya gyara zama. "Kawo takardar nan. Bangon gabas ba za ki taɓa shi ba, tana son hasken safe."

"Na bar maka. Labule mai kauri kawai zan sa."

"Tagar farko kuma a nan za a fasa ta, inda nake nunawa. Ina zaune za a yi, ina kallo."

"In ka yi alkawarin ajiye sanda a falo."

"Kuma ki samo min dashen mangwaro. Rumfarki ta tsaya kafin ya girma."

"Kai da za ka ci 'ya'yansa da wane haƙori?"

"Wa ya ce ni zan ci? Ke dai samo."

Ya lalubi ƙarƙashin matashin kujerarsa, ya zaro wani tsohon mafici. Gefensa duk ya zare an bi shi da ƙyalle an ɗinke, mariƙinsa ya yi baƙi ya yi santsi saboda riƙo.

"Ungo. Nata ne. Wannan shi ne na goma sha nawa ban sani ba, duk a ɗakin nan ta cinye su. In aikinki na kirki ne, ba mai sake buƙatarsa a gidan nan."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta shafa ɗinkin gefen da yatsa.

"Shekara ashirin da takwas ina jiran kyautar ango, ashe tsohon mafici ne rabona."

"In kin raina dawo da shi."

"Ko sama da ƙasa za su haɗe."

"To tun da kin karɓa," ya ce yana dariya, ya miƙo mata wuya, "fara aiki, yi min fifita. Mijinki ya kusa nuna."