Ranar Alkawari da Ranar Gaskiya

Akwai wani tela a Funtuwa, Malam Hambali, mutum mai hannu ƙwarai. In ya ɗinka maka kaya sai an tsayar da kai a hanya an tambaye ka wa ya yi. Cutarsa ɗaya ce, kuma ta gado ce a sana'ar: Alhamis ɗinsa ba ta zuwa. Amma fa shi ba ya ruɗin kansa. A littafin shagonsa kowane ɗinki rana biyu gare shi, ranar alkawari wadda ake gaya wa mai kaya, da ranar gaskiya wadda daga shi sai Allahnsa. Can gefe kuma ga gurbin bayani, inda yake rubuta wa kansa yadda zai bi da kowa.

Ana nan sai ƙanwarsa Zulaihatu, wadda ke aikin gina manhaja a Kaduna, ta zo hutu. Ta ga yadda mutane ke sintiri a ƙofar shago suna tambayar kayansu, ta ce za ta haɗa masa abin da kowa zai duba ɗinkinsa a waya daga gida. Kwana huɗu ta yi tana kwashe littafin nan tsaf tana zubawa a rumbun bayanai. Malam Hambali kuwa murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ko zare ya kasa sa wa allura, sai leƙen kwamfutar yake yana cewa, "Kai, boko da daɗi!"

Rana ta biyar ta juyo da kwamfutar wajensa.

"Yaya, saura abu ɗaya. Gurbi shida ne a rumbun nan: suna, irin ɗinki, awo, ranar alkawari, ranar gaskiya, da bayani. Akwai wata 'yar rariya da nake rubutawa tsakanin rumbun da wayoyin mutane. Gurbin da na ambata mata shi kaɗai take tattarawa ta aika, sauran su zauna a gida. Ni dai uku zan sa."

Nan take fara'ar Malam Hambali ta ɗauke. Mugu shi ya san makwantar mugu.

"Uku? A cikin shida? Zulai, ni za ki rage wa yadi? Shekara ashirin da biyu ina kan keken nan, na san yadda ake karɓar yadi shida a ce uku ne suka shiga. Sa min duka!"

"Yaya, ba ragi ba ne, sutura ce. Ka tsaya ka ji abin da ke cikin sauran ukun..."

Ina! Ya riga ya kira Sule Kwat-da-wando, telan da ke tsallaken titi, yana gaya masa ya shirya rufe shago, don su yanzu sun shiga intanet. Da hannu kawai ya yi mata alama: duka, duka. Zulaihatu ta dube shi, ta dubi kwamfuta, ta ce a ranta ai gani ya kori ji. Ta goge sunaye ukun da ta jera, ta rubuta kalma ɗaya tak mai nufin a aika kome da kome. Da la'asar ta hau mota ta koma Kaduna, shi kuma ya bi lambobin mutanensa kaf ya tura musu adireshin manhajar, har da waɗanda suka rasu.

Washegari ya zo shago da sabuwar hula, yana tafe yana 'yar waƙa. Bai gama buɗe ƙofa ba sai ga Alhaji Mudi mai goro, waya a hannu, yana huci. Shi dai abin da ya gani a tasa shi ne: "Ƙugu arba'in da shida, amma a ce masa arba'in." Bai fita ba Nafi'u malamin firamare ya shigo a hankali, ya yi sallama, ya nuna tasa: "Ba ya faɗa, a bar nasa ƙarshe." Ranar aka san Nafi'u ya iya faɗa.

Duk wannan wasan yara ne. Wadda Malam Hambali ke fargabar zuwanta ita ce Hajiya Turai. Shekara tara tana kawo masa ɗinki, kuma duk inda ta kai kayanta matan unguwanni uku ne ke binta. Ranar Asabar za ta aurar da 'yarta, ankon mata talatin yana jibge a shagonsa ko almakashi bai gani ba. In ta kwashe, Sule na tsallake yana jira da hannu biyu.

Wajen ƙarfe goma ta iso. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta zauna a benci, ta gyara gilashi, ta ɗaga waya tana karantawa a tsanake kamar mai sanarwa a rediyo.

"Ranar alkawari, Alhamis. Ranar gaskiya, Talatar bayan biki. Bayani: in ta zo a ce babu wuta. In akwai wuta, a ce mai surfani ya tafi ta'aziyya." Ta ɗago kai. "Allah sarki. Sau huɗu ina aika wa bawan Allahn nan gaisuwa."

Gumi ya keto wa Malam Hambali ta ƙarƙashin sabuwar hula.

"Hajiya, ranki ya daɗe, ai kin san kayan Nasara. Na'urar ce ta lalace, take ta zuba shirme. Yau ɗin nan zan sa a gyara."

"Kada ka soma. Shekara tara, yau ne kaɗai aka gaya min gaskiya a shagon nan, kuma ita za ka kai gyara?"

Ta miƙe ta nufi inda atamfofinta suke. Malam Hambali ya yi tsalle ya tare, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Hajiya, ki rufa min asiri. Wallahi tallahi, ko zan kwana a kan keke, ranar Alhamis ankonki zai fito. Na yi miki alkawari!"

Hajiya Turai ta dube shi ta saman gilashi, ta ce:

"To ita wannan Alhamis ɗin, a wane gurbi za ka rubuta ta?"