Yadda Ake Gyara Kibiyar da Ta Nace wa Hagu

In kibiyarka ta ɗauki ɗabi'ar zuwa inda ba ka aike ta ba, kwantar da hankalinka. Matakan nan bakwai ne, an jarraba su, kuma na ba ka tabbacin wanda ya bi su ba za a taɓa cewa laifinsa ne ba. Kibiya ce za ta ɗauki laifin, tunda ba ta da bakin musu.

A wurin Dogo na koye su. Direban bas ɗin makaranta ne, shekara goma sha tara yana ɗibar yara talatin da biyu safe da yamma. Ya gaji bakan mahaifinsa, kuma duk Asabar yakan jingina buhun ƙaiƙayi da katangar bayan gida, ya zana baƙin tabo a tsakiya da gawayi, ya ja da baya taku ashirin. A da, inda ya kalla nan kibiya take sauka. A bana sai suka fara sauka taƙin hannu ɗaya hagu da tabon, kowace Asabar, ba fashi. Ga yadda gwani yake tunkarar irin wannan.

1. Fara da zargin kyauro

Kyauro shi ne sandar jikin kibiya. Kwantar da shi a kan tebur ka mirgina. In ya yi ɗingishi, ka kama ɓarawo. In ya mirgina lafiya, sake mirginawa har sai ka ga ɗingishin.

Hura garwashi, ka ɗumama inda kake zargi, ka lanƙwasa a hankali a kan gwiwarka. Dogo ya yi wa kibiya shida haka a yini ɗaya, a kan teburin da matarsa take yankan ɗinki, har ya bar mata tabon ƙuna a gefe. Da ya harba suka tafi hagu, sai ya ɗaure su da igiya ya tura ƙarƙashin gado, ya sayo sababbi. Wannan shi ake kira ci gaba.

2. Koma kan gashi da tsini

Kibiya tana da gashi uku a gindi da ƙarfe a baki, wato wurare huɗu na ɗora laifi. Ɓare gashin ka sake mannawa. Ka ce na fiffiken dama aka haɗa da na hagu. Goga tsinin a dutse, ka ɗora kibiyar a kan yatsa ka ga inda nauyinta ya rinjaya, ka girgiza kai. Girgiza kan yana da muhimmanci in akwai mai kallo.

Da almakashin matarsa Dogo yake datse gashin. Ranar da ta zo yanka yadin wata amarya ta tarar almakashi yana taunar yadi, ta leƙo bayan gida.

“Maigida, wai kibiya nawa ke nan aka kora daga aiki?”

“Ke me kika sani a kan kibiya? Kayan yanzu duk algus ne.”

“Haka ne. Ƙarƙashin gadon dai ya cika, tsintsiya ma ba ta shiga.”

Kada ka amsa irin wannan. Sha mur ka ci gaba da goge tsini.

3. Kada ka yarda a sa wa kibiyoyinka alama

Akwai wata muguwar dabara da tsofaffin masu sana'ar suke yi. Sukan sa wa kowace kibiya alamarta, su harba duka sau da yawa. In guda ɗaya ce kullum take barin 'yan'uwanta, ita ce mai laifi. In kuwa duka suka taru wuri ɗaya, ko da ba wurin da ake so ba ne, kibiyoyin sun fita, saura mai harbin. Ka ga illar dabarar.

Dogo ya yi kuskuren komawa rumfar Baba Mai Kibau, tsohon da yake ƙera masa su, da niyyar yin ƙorafi. Baba ya saurare shi yana naɗa zare bai ɗago ba.

“Duka hagu suke zuwa?”

“Duka, Baba.”

“A warwatse, ko a tare?”

“A tare. Tafin hannu ɗaya zai rufe su.”

Baba ya ajiye zaren ya dube shi. “Ɗana, da dama kake jan tsirkiya, ko? Idon dama ne yake maka saiti. Ranar da ya gaza, na hagu yakan karɓi aikin ba tare da ya yi maka sallama ba, kibiya kuma sai ta bi shi. Rufe na hagun ka kalli ƙofar can.”

Dogo ya ce ya tuna ya bar bas a rana. Yi koyi da shi. Tsoho in ya fara irin wannan magana, duba agogo.

4. Raba harbi da sauran rayuwarka

Wannan matakin ya fi sauran wuya, domin abubuwa za su riƙa neman haɗa kai. Madubin dama na bas ɗin Dogo ya gogi ginshiƙin ƙofar makaranta sau biyu a wata guda. Ginshiƙin ne aka gina a karkace, kowa ya sani, shekara goma sha tara yana nan yana jiran ranarsa. Wani mai keke ya ɓullo masa ta dama a mararraba, sai da yaran suka yi ihu ya taka birki. Masu keken yanzu ba su da tarbiyya. Da safe yakan zuba shayi ya sauka a gefen kofi, kofunan yanzu kuwa bakinsu ƙarami ne.

Sai ga takarda daga ofis: duk direba zai je gwajin ido kafin ƙarshen wata. Dogo ya ninke ta huɗu ya cusa a ƙasan kwari, ƙarƙashin kibiyoyi. Tsoro yake ji, kuma ba ƙarami ba. Mutumin da ya haura hamsin, in aka karɓe makullin bas daga hannunsa, bai san me zai riƙe ba. Amma ba a kawo tsoro cikin maganar gyaran kibiya. Ka ce iska ce.

5. In kibiya ta ƙi zuwa wurin tabo, kai mata tabon

Goge baƙin tabon, ka sake zana shi taƙi ɗaya hagu, daidai inda ramukan suke. Dogo ya yi haka, ya koma taku ashirin yana murmushi. Kibiyoyin suka matsa wani taƙin hagu. Ya sake binsu da gawayi, suka sake matsawa. A zane na huɗu buhu ya ƙare, kibiya ta shige bokitin wankin matarsa.

Sayi bokiti. Kada ka yi bayani.

6. Kada ka bar kwarinka inda matarka take shara

Nan ne Dogo ya yi sakaci. Wata Asabar ya fito da kibiya shida da ya kwashe mako yana gyarawa, waɗanda ya rantse babu kamarsu. Matarsa ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofa da ɗinki a cinya, abin da ba ta saba ba. Ya harba duka shidan. Suka taru cif, taƙi ɗaya hagu.

“Zaro su ka duba gindinsu,” in ji ta.

Ya zaro. Uku daga ciki akwai jan zare siriri a ƙarƙashin gashin, ɗaurin tela, ƙulli biyu.

“Waɗannan ukun daga ƙarƙashin gado na ɗebo su. Cikin waɗanda ka ce sun fi kowa karkata. Naka ukun na kirki suna cikin kwabata.” Ta gyara zaman ɗinkin a cinyarta. “Na ga takardar ofis ma, tana ƙasan kwari. Ban taɓa ta ba.”

Dogo ya juya kibiyoyin a hannunsa. Ya nemi wadda zai zarga, korarru da zaɓaɓɓu duk rami ɗaya suka shiga.

“In suka karɓi makullin fa?” ya ce, murya ƙasa ƙasa.

“Sai mu ci abin da keken ɗinki ya kawo kafin a yi maka aikin idon. Maigida, yaran nan talatin da biyu ne, kowanne da uwarsa a bakin ƙofa tana jira.”

7. Ko me za a yi, kada ka rufe idon hagu

Duk sauran matakan don wannan aka yi su. Muddin idanunka biyu a buɗe suke, duniya tana nan yadda ka san ta, kuma akwai sauran kyauro a kasuwa.

Dogo ya karya dokar. Ya tsaya a taku ashirin, rana tsaka, ya ɗora tafin hannu a kan idon hagu. Buhun ya narke. Katanga ta koma hazo, matarsa a bakin ƙofa ta zama inuwa mai launin zane. Ya daɗe a haka bai sauke hannun ba.

Ranar Litinin ya je ofis da ƙafa, ya ajiye makulli a kan teburin manaja tare da takardar nan mai ninki huɗu. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa na dama, za a kankare, amma maganar komawa tuƙi sai an gani. Wani direba ne yake ɗibar yaran yanzu. Kibiya arba'in da ɗaya Dogo ya kwaso daga ƙarƙashin gado, Baba Mai Kibau ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya, bai sami mai ɗingishi ba sai shidan da aka gasa a garwashi. Ka ga ƙarshen wanda ya saki tsari a matakin ƙarshe.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ƙonewar tebur, dakushewar almakashi, hujewar bokiti, ko abin da matarka za ta gano in tana shara. Wanda ya saurari tsoho ko ya rufe ido ɗaya, shi ya jawo wa kansa. In kuwa ka bi matakan nan bakwai ba ka tsallake ko ɗaya ba, alkawarina yana nan: makulli zai zauna a aljihunka, kibiyoyinka kuma za su fi na kowa miƙewa. Wanda zai tsallako titi ta hannun damanka ranar Litinin da safe, shi ba ya cikin alkawarin.