Yadda Za Ka Burge Surukai da Hancin Kifin Shak

Ba ka da aiki kuma surukai sun gayyace ka cin abinci? Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za a yi ta zancenka a gidan. Ƙanena ya gwada, har yau ana yi.

1. Nemo ilimin da babu mai iya ƙaryatawa

Kada ka taɓa siyasa ko ƙwallo, kowa malami ne. Ɗauki kifin shak, dodon tekun nan mai haƙora. Minti goma a waya ya ishe ka. Masu digiri wahalar banza suka sha.

2. Kauce wa tambayar

Da surukinka ya ce, "To, yanzu ina ake aiki?" sai ka ajiye cokali.

"Baba, kun san kowane mai rai yana fitar da 'yar wutar lantarki? Ko bugun zuciya. Shak yana da ƙananan ramuka a hanci cike da ruwa mai yauƙi, da su yake jin ta. Ko kifi ya binne kansa cikin yashi, sai ya tono shi."

3. Ƙara gishiri

Kawo zancen ɗan'uwan shak, kifin nan mai faɗi kamar tire: idanu a sama, baki a ƙasa, ba ya ganin abin da yake ci, lantarki ke yi masa jagora. Matarka za ta sunkuyar da kai. Kada ka damu, alfahari ne.

4. Karɓi girman da ka nema

A nan surukin ƙanena ya tafa hannu.

"Ashe masanin lantarki muka samu! Soket ɗin kicin ya dame mu, ɗana, zo ka duba."

Kada ka ce ba ka iya ba. Namiji ba ya cewa haka gaban ƙannen matarsa.

5. Hau kujera

Ƙanena ya hau, ya shinshina bango don a ga ƙwarewa, ya zura sukundireba. Ya ji lantarki kuwa, ba da hanci ba. A cikin kwandon albasa aka tsince shi, surukarsa na yi masa fifita tana salati.

Surukin ya leƙo. "Sannu, ɗana. To, da ma ina ka ce kana aiki?"

Gargaɗi: ni shawara na bayar. Ƙuna, targaɗe ko yajin mata, duk naka ne. Kifin ma a ruwa yake abinsa, bai taɓa hawa kujerar kowa ba.