Wat Dubu Biyar da Sunan 'Yata

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, ko da zan so in manta, Binta matata ba za ta bari ba.

Lokacin da aka dawo da ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, an ba ni gida a Garki, falon fayau sai kujeru. Na ƙudura sai na sa kayan sauti irin na gidan manya, sifiku biyar zagaye da mutum. Na je shagon wani Bakano, Alhaji Badamasi, ya fito min da amfilifaya biyu. Ɗaya baƙa wuluk, an rubuta wat ɗari a bayanta. Ɗayar kuwa sai fitilu kamar motar amarya, da ƙatuwar takarda a goshi: wat dubu biyar.

"Oga, ɗaga kowacce ka ji nauyi," in ji Alhaji. "Wannan mai fitilun lambarta ta kwali ce, ihu ɗaya take yi ta shaƙe. Ta gaske nauyi gare ta."

Ni da digirina da lakataye ɗan kasuwa zai koya wa lissafi? Na yi masa bayani a tsanake (Allah Ya yafe min) cewa dubu biyar ta ninka ɗari sau hamsin. Ya ce, "To Oga, Allah Ya sa alheri." Da hannu ɗaya na ɗauko abata, har ina yaba rashin nauyinta.

Da suna ya matso, Binta ta ce a ari ta Malam Yakubu, masinjan ofishinmu da ke zaune bayan gidanmu, wata tsohuwar baƙa mai wat ɗari. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ta gaya wa danginta su zo da auduga ta toshe kunne. Ta kuwa gaya musu, har da mahaifiyarta da ta taso takanas daga Zariya.

Ranar suna bayan la'asar mata suka cika harabar gida. Na jera sifiku, na sa kaset, na murɗa. A falo da ma tana ɗan taɓukawa, amma a fili, cikin surutun mata, sai ka ce sauro a kwalba. Na ƙara murɗawa. Ta fara kakari. Na ƙure ta, gumi na bin bayana.

Surukata, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ke Binta, an kunna abin ne?"

Kafin Binta ta amsa, fitilun suka mutu, ƙaurin roba ya tashi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta Malam Yakubu dai aka aro. Mutum biyu suka ɗauko ta, kuma ni ne na biyun, ina nishi a gaban surukai da babbar rigata. Yana kunnawa tagogi suka ɗauki rawa. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Oga sorry, wannan ɗari ne kawai."

Na dai koyi cewa ba girin-girin ba, ta yi mai, yanzu ko kankana zan saya sai na ɗaga. Yarinyar ta yi aure, amma har gobe in na fara cika baki a gida, Binta ba ta musu da ni. Sai ta kalli bango ta ce, "An kunna abin ne?"