Yadda Mai Son Kecap Zai Auri 'Yar Mai Hotdog a Chicago

Ɗan'uwa, idan ka ƙyalla ido kan 'yar mai sayar da hotdog a Chicago, alhali ka taso a gidan da ake lafta wa hotdog kecap, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, aure kamar an ɗaura. Da su na auri Jolanta, 'yar Baba Dombrowski mai shagon hotdog a unguwarmu.

1. San girman laifinka

A garin nan, babban mutum ya zuba jan romon tumatir ɗin nan a kan hotdog, abin kunya ne da ake fasa aure a kansa. Ɗan shekara bakwai ake yi wa uzuri. Kai da gemunka ba ka da mafita.

2. Haddace kayan haɗi

Naman shanu zalla da aka mulmula dogo a cikin burodi mai ɗumi, sannan abu bakwai a kai: romon mastad mai ruwan ɗorawa, albasa, koren haɗi mai zaƙi, tumatir, kokwamba mai tsami, barkono, gishirin seleri. Ranar farko da Baba ya ce in lissafo su, shida na kawo, na tsaya ina zare ido. Tsohon ya dubi 'yarsa ya ce, "Jolanta, a ina kika tsinto wannan?"

3. Kushe na sauran garuruwa

Suruki ba ya son mai adalci. In an ambaci na New York mai kabeji, ka ce, "Haba Baba, ai wannan abincin majinyata ne." Na Detroit mai miyar niƙaƙƙen nama, ka tambaya ko da cokali ake sha. Na Seattle mai cuku kuwa, kada ka ce uffan, girgiza kai kawai kamar ka je ta'aziyya.

4. Ga tarko nan zuwa

Wata rana zai dire kwalbar kecap a gabanka. Haka ya yi min, har da murmushi: "Zuba mana, ɗana, ai a kan soyayyen dankali ne, ba hotdog ba. Nan gida ne." Ƙarya yake. Hannuna har ya kama hanya, Jolanta ta take min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ce, "Baba, don Allah a ɗauke abin nan, warinsa hawa min kai yake." Tsohon ya ƙwala wa matarsa kira: "Halina! Fito ki ga suruki!"

5. Kada ka wuce gona da iri

Nan ni na yi wauta. Yabo ya ɗebe ni, na suri kwalbar na wurga ta cikin shara. Tsohon ya share hawayen murna, ya ba ni 'yar, ya haɗa min da makullin shago.

Gargaɗi

Aure na yi maka alkawari, abin da ya biyo baya babu ruwana, kada ka zo min da kuka. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsaye bayan tukunya, tsohon na zaune bakin ƙofa yana gadina. Jiya wani bawan Allah ya shigo ya ce a sa masa kecap, da yawa. Na daka masa tsawa: "Fita min daga shago, mara kunya!" Ya fita da hotdog ɗinsa, ya zaro nasa kecap daga aljihu, ya matsa a bakin titi. Ina kallonsa ta taga yana lasar yatsa, yawuna ya tsinke, zuciyata kamar ta fashe don baƙin ciki. Tsohon kuwa sai tafa min yake.