Adashin da ba shi da uwa

Ba zan taɓa mantawa da sunan jikan Hajiya Mariya a unguwar Treichville ta Abidjan ba. Ranar ce na tara mata da bakina su kalli kunyata, har ina cewa na baya su matso.

Albasa nake sayarwa a kasuwar Gouro, nan Adjamé. Da na haifi Ummi, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: Innata tana Damagaram, yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma ba ta taɓa ganin takwararta ba. Wayata mai madannai ce, sai murya kawai. Na ƙudura in na kwashi adashi zan sayi babba, in kira ta wayar maƙwabciyarta a nuna mata yarinyar.

Ranar da Hajiya Mariya, uwar adashinmu, ta damƙa mini kwasata, sai ƙafa ta kai ni shagon Yaya Sale, ɗan kawuna mai gyaran waya a bayan Mairie, ofishin magajin gari. Haifaffen Abidjan ne, Hausarsa rabi Faransanci.

"Ƙanwata, kar ki sayi ta kasuwa," in ji shi. "Suna sauraren mutum. Hoton yaro ma kwashewa suke, su kai inda ba ki sani ba."

(Ni da ko atishawa Ummi ta yi sai na taɓa goshinta sau uku. Ai ya gama da ni.)

Ya ce akwai wasu masu ilimi a Turai da za su ƙera waya ta amana. Mutane ne daga ko'ina suke zuba kuɗi ta intanet, in ya cika a ƙera, a aiko wa kowa tasa. Kuma babu ɓoye-ɓoye, duk abin da ke cikinta an baje shi a fili, kamar mai tuwo ta faɗa miki abin da ta sa a miya.

Na ce, "Au, adashi ne?"

"Voilà!"

"To wace ce uwar adashin?"

Ya yi dariya. "Babu uwa. Na kowa ne."

A nan ya kamata in gyara goyona in kama hanya. Amma shi ma ya zuba nasa, kuma wata shida aka ce. Na miƙa.

Da na yi shiru ma da sauƙi. Ina! Duk layin masu albasa sai da suka ji cewa wayata ba a shago take ba, ƙera mini ita ake yi. Wata shida ya wuce. Yaya Sale ya riƙa karanta mini saƙonninsu: yau batir ne ya ba da matsala, gobe gilashi, kullum da ban haƙuri da godiya. Ummi ta yi rarrafe, ta yi haƙori, ta tashi da tafiya. Inna kuwa a waya sai ta ce, "Ina ganin ƙofa, amma ba na gane mai shigowa." Ni kuwa in ce, "Saura kaɗan, Inna."

Sau biyu Hajiya tana miƙo mini tata. "Ungo, 'yar nan, kira tsohuwa ta ga jikarta." Ni kuma, da na riga na cika baki, na ce, "A'a Hajiya, irin taku leƙen asiri take yi." (Allah Ya yafe mini wannan magana.)

Sai bayan shekara biyu kwalin ya iso, ranar sunan jikan Hajiya da safe. Yaya Sale ya ce, "Attends, bari in duba ta tukuna." Na fizge. Na shiga tasin woro-woro da kwalin a ƙirji, Ummi a cinya.

Ana gama cin shinkafa na tafa hannu. "Ku zo ku ga wayar da aka ƙera mini! Yanzu zan kira Damagaram." Aka kewaye ni. Na danna. Ta yi baƙi, sai wasu fararen rubutu suka fara gudu kamar tururuwa. Muka jira. Wata ta ce, "Ko karatu take yi?"

Maijegon ta yi boko, ita ta karɓa, ta karanta takardar cikin kwalin. Ta dube ni da tausayi.

"Tanti, sun ce kyamarar ba ta fara aiki ba tukuna. Kira ma, wani lokacin yana shiga. Wai a buɗe suka bar ta, duk wanda ya iya sai ya taimaka a ƙarasa."

"Wa zai ƙarasa? Ni?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗanyen tuwo suka aiko miki, ki tuƙa da kanki!" Gidan ya ɗauki dariya. Wata 'yar ƙabilar Jula ta dafa kafaɗata tana cewa yako, yako, wato sannu, tana share hawayen dariya.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta zaro tata mai fasasshen gilashi, ta ɗora mini a cinya. Wannan karon na karɓa.

Aka kai wa Inna waya. Na ɗaga Ummi. Inna ta kawo fuskarta dab da gilashi, ta juya kai hagu, ta juya dama.

"Haske nake gani, uwata. Fara ce ko baƙa?"

"Irin kalarki ce, Inna."

"To ki ce ta yi magana."

Ummi ta ce, "Kaka." Inna ta yi murmushi ta ce, "Bara warhaka da na gane ta." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Na gwammace dariyar ɗazu.

Ba na cewa mutanen nan ɓarayi ne, waya dai sun aiko. Yaya Sale ma ya ce kyamarar za ta tashi wata mai zuwa. Na ce Allah Ya ba ta lafiya. Yanzu da ita nake danne leda a kan tire, tana da nauyi, iska ba ta ɗauka.

Abin da na koya: kar ki shiga adashin da ba ki san ƙofar gidan uwarsa ba. In kuma aka miƙo miki aro, ki karɓa da hannu biyu, don ido ba ya jiran wata shida.